Ranar da Kwamfuta Ta Daina Tambayar Sunana

Na fara aikin buga tafireta a Bodinga a zamanin Jamhuriya ta Biyu, ina budurwa, a wani ƙaramin ofishin kula da lafiyar dabbobi mai ɗaki biyu da rumfa. Mahaifina malamin allo ne, kuma yana kwafar littattafai da hannu. Da aka gaya masa 'yarsa za ta zauna tana rubutu da inji, bai ga abin ƙi ba. Ya zo da kansa ya tsaya a bayana, ya ga yadda baƙaƙe ke dukan takarda, ya jinjina kai ya koma gida.

A shekarun farko babu abin da muka rasa. Akwai takarda, akwai kabon, akwai motar ofis da ke kai masu allura rugage. Sai cutar bushiya ta shigo ta yi wa shanu ɓarna, sai soja suka karɓi mulki, sai komai ya tsuke. Aka sallami fiye da rabinmu. Ni na tsira ne don babu wani mai buga takarda in ba ni ba. Daga baya aure ya kai ni Shagari, aka mayar da ni ofishin can, inda muke mu biyu rak, ni da likitan dabbobi, wani dogon mutum mai haƙuri wanda kowa ke kira Likita.

Shekaru da yawa bayan haka, a tsakiyar wahalar man fetur, lokacin da mota kan kwana uku a layi, wani shirin tallafi na rigakafin shanu ya kawo mana kwamfuta. Wadda ta zo haɗa ta wata injiniya ce daga Sakkwato, da goyo a bayanta. Na ga mace ta hau kujera tana kafa waya a jikin bango, jariri yana barci a bayanta, abin ya ba ni mamaki. Injuna biyu ta ajiye. Ɗaya ta kulle a kabad na ƙarfe, ba gilashi ba madannai, ta ce wannan ita ce uwa, a cikinta ake ajiye komai. Ɗayar ta ɗora a teburina. Waya mai ruwan toka ta haɗa su. Ta koya mini kwana uku, ta bar mini littafin rubutu mai cike da bayaninta da ambulan na faifai, ta ce irin wannan haɗin ta yi a ofishin Bodinga, sannan ta tafi.

Kullum da safe, in Likita ya tayar da janareta, sai in danna maɓalli. Gilashin ya yi baƙi, fararen rubutu su gudu, sannan wani ɗan akwati mai ruwan toka ya fito tsakiya da layi biyu. Na sama yana neman sunana, na ƙasa yana neman kalmar sirri. In na buga kalmar, ba ta bayyana, sai taurari ƙanana su jeru a madadinta. Na yi wata guda ina jin tsikar jikina na tashi duk lokacin da ya fito. Na yi aiki da turmi da keken ɗinki da tafireta, babu wanda ya taɓa tambayata ko ni wace ce kafin ya yarda in taɓa shi. Injiniyar ta gaya mini cewa ba don kansa akwatin ke tambaya ba, don uwar yake tambaya. In ban bi ta cikinsa ba, tawa za ta yi aiki, amma ba za ta ga komai na cikin uwar ba.

Aikin kuwa shi ne, duk saniyar da aka yi wa allura sai a maƙala mata ɗan kunnen roba mai lamba. Masu allura su rubuta lambar a rajista, da sunan mai ita, da rugarsa, da launinta, da yanayin ƙahonta. Ni kuma in kwashe daga rajista in zuba a kwamfuta. Na shekara ina wannan, tun daga shanun Horo Birni har na can bayan Kajiji.

Wata Litinin a tsakiyar damina na iso na tarar an ja teburina zuwa ɗaya kusurwar. Ƙasa jiƙe, silin ya rufto, rajistocin nan an baje su a rumfa, tawadar ta narke ta zama shuɗin ruwa. Likita ya ce iskar Asabar ce ta ɗage kwano ɗaya. Da ya ji ruwa ya yi ƙarfi sai ya taho a guje daga gida, ya rungumi kwamfutata ya kai ta inda ba ya yoyo. Uwar tana cikin kabad, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Na gode masa, na mayar da wayoyi yadda suke, ya tayar da janareta, na danna. Baƙi ya zo, fararen rubutu suka gudu, sai kawai na gan ni a ciki. Akwatin bai fito ba.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na fara ji. Na ce a raina, ashe ta san ni yanzu, ta daina tambaya. Sai na je buɗe jerin shanu, ta nuna mini wani gajeren saƙo da Turanci cewa ba ta sami wurin ba. Na sake, haka. Aikin shekara guda, babu ko saniya ɗaya.

Ina cikin wannan hali aka yi sallama. Wata tsohuwar Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Kajiji, siririya, da ƙwarya a kai da sanda a hannu. Na san fuskarta, takan kawo nono kasuwa. Ta zauna a dokin ƙofa, muka gaisa, ta faɗi abin da ya kawo ta. Shanunta biyar, waɗanda ta gada daga uwarta, sun ɓace tun farkon damina. Yanzu an gan su a garken wani mutum, ya ce nasa ne. Maigari ya tsare su a gidansa, ya sa ranar Juma'a za a yanke hukunci. In babu shaida, mutumin zai dafa Alƙur'ani ya rantse, a ba shi.

"An ce mini kuna da inji mai riƙe shanu," in ji ta.

Na ce, "Muna da shi, Inna, sai dai yau ba ya da lafiya."

Ta leƙa ta dubi gilashin, ta dube ni. "To ki ba shi magani, ɗiyata. Ba shanun ne sunka fi damuna ba. Ba ni son shi rantse. Shina da ɗiya ƙanana. In yad dafa littahin nan bisa ƙarya, mi za ya bar musu?"

Ita aka ɗauke wa dukiya, amma wanda ya ɗauke take ji wa tsoro. Ta tashi ta koma gindin darbejiyar da ke gaban ofis ta shimfiɗa zanenta. Tana da 'yar'uwa a gari inda za ta riƙa kwana, ta ce, amma yini a nan za ta yi har sai injin ya warke.

Ranar na yi duk abin da na sani. Na kashe na kunna sau uku. Na bi wayar da hannu tun daga bayan tawa har cikin kabad, ba ta tsinke ba, bakinta biyu suna zaune daram. Na kara kunne a jikin uwar, fankarta na juyi, ɗan koren haskenta na nan. Na karanta littafin injiniya daga farko har ƙarshe. Ta rubuta abin yi in an manta kalmar sirri, da abin yi in firinta ta cije takarda, amma ba ta rubuta komai a kan akwatin da ya ƙi fitowa ba. Likita ya ce injiniyar sai bayan wata uku take zagayowa, waya babu a garin, saƙo ta hannun direba kuwa zai iya mako bai isa ba. Yana magana yana kallon ƙasa, na gane yana ganin laifinsa ne.

Washegari na ce bari in tafi Bodinga in tambayi mai buga takardun can, wanda muka koyi tafireta tare, ko ya taɓa ganin irin wannan. Na tsaya a bakin hanya tun hantsi har azahar kafin wata a-kori-kura mai ɗauke da awaki ta tsaya. Da na isa na faɗa masa, sai ya dafe kai. Bai taɓa gani ba. Tasa kullum tana tambayarsa, kuma shi ban da abin da aka koya masa ba ya taɓa komai. Janaretansu ma an kashe, sai gobe.

Na wuce gidanmu jiki a sanyaye. Bayan la'asar na sami mahaifina a zaure, ɗalibai sun tashi, yana zaune kan buzu. Idonsa ya riga ya yi rauni, ya daina kwafa, amma kunnensa na nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya ji muryata ya ce akwai magana. Na kwashe duka na gaya masa, ina ta neman kalmomin da zai gane. Ya saurara bai katse ni ba.

"Wagga na'ura," ya ce, "akwai wata irinta?"

"Akwai, Allah shi gafarta Malam. Nan Bodinga. Mutum ɗaya ta haɗa su."

"Kuma ta nan lahiyarta lau?"

"Lau."

"To mi ya hana ki yi muƙabala?"

Tun ina ƙarama, in ya gama kwafar littafi, yakan zaunar da ni in riƙe na asali ina karantawa a bayyane, shi yana bin sabon da yatsa. Wannan shi ne muƙabala. Ba sai na san ma'anar abin da nake karantawa ba, sau da yawa ma ban sani ba. Aikina in faɗi abin da ke kan takarda, aikinsa ya ga inda ya saɓa.

"Ban san abin da ke cikinta ba, Baba," na ce.

"Da kina karanta mini littahin nahawu kina shekara tara, kin san abin da a ciki? Ki dubi mai lahiya, ki rubuta yadda take, ki je ki dubi marar lahiya. Kuma ki lura da abin da babu. Ni a tawa sana'a, na hi samun layin da anka tsallake bisa wanda anka ƙara."

Da safe na koma ofishin Bodinga. A littafin injiniya akwai shafi guda da ta nuna inda ake shiga a ga tsarin wayar da ke haɗa injunan, ta ja layi biyu a ƙasa ta rubuta kada a taɓa. Abokin aikina ya tsaya a kaina kamar zai yi kuka.

"Malama, don girman Allah, dubawa kawai."

"Dubawa kawai," na ce masa.

Na ga akwatinsa ya fito, ya sa sunansa, taurari suka jeru, sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Sannan na bi matakan na buɗe wurin. Wani farin fili ne mai jeri huɗu na Turanci, kowane layi da ɗan hoto a gefensa. A ƙarƙashinsu akwai wani siririn gurbi da aka zaɓi magana ɗaya a ciki. Ban fahimci ko rabinsu ba. Na ɗauki biro na kwafe su baƙi bayan baƙi, babba da ƙarami, har da aya da waƙafi, na zana hotunan yadda na iya, na rubuta launin kowanne. Na sa shi ya karanta daga gilashi ina bin takardata, sau biyu. Sannan na rufe ban canja komai ba, ya sauke ajiyar zuciya.

Na isa Shagari da yamma a bayan wata motar gero. Tsohuwar na nan gindin darbejiya. Ta ɗago ta dube ni, na ce mata gobe in Allah ya so.

Ranar Alhamis man janareta bai fi na awa ɗaya ba. Likita ya zuƙo na babur ɗinsa da tiyo ya ƙara, ya ce ya koma gida a ƙasa ba komai. Na buɗe wurin nan a tawa, na ba shi takarda, na ce ya karanta in bi. Layi na farko ya yi daidai. Ya karanta na biyu, wanda na zana wa ɗan koren allo mai haƙora a ƙasa. Na duba sama da ƙasa. Babu shi. Na uku ma babu. Na huɗu yana nan.

"Tsaya, Likita. An tsallake biyu."

Ya sunkuyo ya duba da kansa. Sannan ya ƙura wa zanena ido. Ya ce wannan koren abu ya yi kama da abin da ke cikin rediyo in an buɗe bayanta. Muka dubi juna. Ya fita da sauri ya nufi kasuwa.

Ya dawo da mai gyaran rediyon garin, wani dattijo mai furfura da gilashin ido ɗaure da zare, wanda ya fi shekara talatin a rumfa ɗaya. Da ya ga abin da aka kira shi ya buɗe sai ya ja da baya.

"Likita, wanga ba aikina ba ne. Ban taɓa buɗe irinta ba. In ta mutu a hannuna fa?"

Na ce, "Baba, ba gyara muke so ka yi ba tukuna. Ka buɗe mu gani ko akwai wannan a ciki." Na nuna masa zanen.

Ya ɗaga takardar kusa da ido, ya daɗe. Sannan ya nemi ruwa ya wanke hannu kamar mai shirin cin abinci, ya sa aka kashe komai aka cire wuta, ya yi bisimilla ya fito da sukundireba. Kusoshi huɗu ya kwance, ya jera su a murfin kwalba don kada su ɓace. Ya zame murfin.

Na shekara ina zaune gaban abin nan ban taɓa tunanin yadda cikinsa yake ba. Wani faffaɗan koren allo ne a shimfiɗe, da zare-zaren zinariya siraran da suka fi gashi, suna tafiya a jere, su karya kwana tare, su rabu, su shige ƙarƙashin wasu baƙaƙen duwatsu masu ƙafafu da yawa. Babu ko ɗaya da ya hau kan wani. Na tuna wata rana da na hau soron gidan kakata na hango unguwarmu duka, da lungunanta da rumbunanta. Mai rediyo ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ɗan Adam ya yi wanga? Da wane hannu?"

A wata kusurwa zanzaro ya gina ɗan gidansa na laka. Dattijon ya ɓamɓare shi da farce a tsanake, ya hure wurin. Sannan ya yi abin da ni ban yi tunaninsa ba. Bai tsaya neman koren abu a cikin koraye ba. Ya kama wayar nan mai ruwan toka daga waje, ya bi ta da yatsa har inda ta shiga jikin injin, ya leƙa ta ciki ya ga abin da ta shiga. Wani ɗan kati ne a tsaye, girman tafin hannu, ƙafarsa a cikin wani dogon rami.

"Ga shi nan. Ku dubi, ya tashi ta gehe guda."

Da gaske ne. Ta ɗaya gefen haƙoransa na zinariya sun nutse, ta ɗayan kuwa suna waje ana ganinsu. Kusar da ya kamata ta riƙe shi babu ita. Likita ya ce ranar ruwan nan ya manta bai cire wayar ba ya ɗaga injin, ya ji ta fizge shi. Dattijon ya sa manyan yatsunsa biyu a kan katin ya danna a hankali, muka ji ƙas. Ya lalubo wata kusa a aljihunsa, ta tsohuwar rediyo, ta yi daidai, ya ɗaure.

Aka mayar da wuta. Na danna. Wannan karon sai ta tsaya ta rubuta cewa ta sami sabon abu a jikinta, ta nemi faifai, har ta faɗi lambarsa. Na zazzage ambulan ɗin injiniya, na sami mai lambar, na zura. Ta yi ƙugi, ta nemi wani, na ba ta. Mai rediyo yana tsugune yana kallon yadda take haɗiye su tana mayarwa. Daga nan ta ce a sake tayar da ita. Na sake. Baƙi, fararen rubutu, sai ga ni a ciki. Akwatin bai fito ba.

Likita ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Janareta ya fara tari. Ni kuwa na ce masa ya tashi ya ɗauki takarda, ba mu kai ƙarshenta ba ɗazu. Ya tashi. Layi na farko daidai. Na biyu ya dawo, da ɗan koren hotonsa. Na uku ya dawo. Na huɗu daidai. Sai ya karanta maganar da ke cikin siririn gurbin nan na ƙasa. Abin da ke gabana dabam ne. A Bodinga kalmomi huɗu ne, a nan biyu.

Nan ne injiniya ta ja layi biyu ta ce kada a taɓa. Na dubi Likita, ya dubi ƙofa, inda ake hango zanen tsohuwar a gindin bishiya. Ya ce, "Malama, taɓa. In an tambaya, ni na ce."

Na kama linzami, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, na danna gefen gurbin. Ya buɗe ya nuna zaɓi biyu, na biyun shi ne na takardata, baƙi bayan baƙi. Na zaɓe shi. Ta sake cewa a tayar da ita. Ban san tsawon lokacin da baƙin gilashin ya ɗauka ba. Fararen rubutu suka gudu. Sai ga shi a tsakiya, mai ruwan toka, da layinsa biyu, ɗan tsinken rubutu yana ƙifta ido a na sama.

Mai rediyo ya matso.

"Mi take cewa?"

"Tambaya take ko wane ne, Baba."

"Ita da kanta?" Ya kama haɓa. "Na gyara abin da ka magana shekara talatin. Yau na ga abin da ka tambaya."

Na sa sunana, taurari suka jeru, na buɗe jerin shanu. Suka zubo, ruga bayan ruga, babu wadda ta ɓace. Likita ya fita ya kira tsohuwar. Ta cire takalmanta a ƙofa ta shigo tana rarraba ido. Na buga sunanta da na rugarsu, layi biyar suka fito. Kafin in karanta sai ta ɗaga hannu ta ce in bari ita ta faɗa. Ta fara da fara mai baƙin kunne, ƙahonta na hagu ya karkata. Na duba, haka aka rubuta. Ja mai farin goshi. Haka ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kira ta da sunanta na Fillanci, ta faɗi uwarta da kakarta, abin da babu shi a cikin injin ma. Duk wadda ta faɗa sai in ce haka ne, Inna. Firinta ta fitar da takardar, ba a yi minti biyu ba janareta ya mutu.

Ranar Juma'a Likita ya ari babur ya tafi da takardar, ni ban je ba, shi ya ba ni labari. A gaban maigari da jama'a aka kama kunnen shanun ana karanta lamba. Huɗu suka yi daidai. Ta biyar an yanke mata robar, sai tsagar kunne. Mutumin ya ce a haɗa mata da ita, ya saye su ne a hannun wani baƙo a kasuwa, ya kuma san bai yi tambayar da ta kamata ba. Ba a fito da Alƙur'ani ba. Likita ya ce tsohuwar ta je ta gaishe da mutumin kafin ta kora shanunta.

Da injiniya ta zagayo na gaya mata komai, har da taɓa abin da ta hana. Ta buɗe ta duba, ta ga kusar rediyo ta yi dariya, ta bar ta a wurin. Ta karɓi takardar da na kwafa a Bodinga ta manna a bangon littafinta da gam.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, tsohuwar ta sake yin sallama. Na ɗauka wata ɓatar ce. Ta ce a'a, jar nan mai farin goshi ce ta mutu wajen haihuwa, ɗan maraƙin ya rayu. Ta taho tun daga Kajiji a ƙasa don a gaya wa injin.

Na ce, "Inna, ai da kin bari masu allura in sun zo sai su rubuto."

"A'a, ɗiyata. Ya faɗi gaskiya a kaina gaban mutane. Ba ni barinshi shina cewa tana nan alhali ba ta nan."

Na ja mata kujera kusa da ni. Na nemo layin, na rubuta a gabansa cewa ta mutu, na karanta mata. Ta tambaya ko akwai wurin da za a sa maraƙin. Na ce sai an yi masa allura ya sami lamba. Ta ce to, in ya yi ƙwari za ta kawo shi da kanta. Ta ajiye mini ƙwaryar nono a gefen tebur, nesa da wayoyi, ta ɗauki sandarta ta tafi kasuwa.